Zaɓen Shingen Wanka Idan Za a Gyara Banɗaki

Shingen wanka shi ne abin da ake kewaye wurin shawa da shi a cikin banɗaki, domin ruwa ya tsaya a gefe guda, sauran daɓen ya zauna a bushe. Yana iya zama labule, ko guntuwar katangar bulo, ko gilashi mai ƙofa, ko kuma cikakken akwati da ake sayowa a haɗe, wanda masu shaguna ke kira kubikul. A gidajen da, babu buƙatarsa. Makewayi yana can ƙuryar tsakar gida, ba rufi, ruwan wanka ya bi rariya ya fice kwata, abin da ya rage rana ta busar. Da banɗaki ya dawo cikin ɗaki, aka rufe shi, aka shimfiɗa masa tayil, aka kafa masai na zama a gefe, sai ruwan ya rasa mai busar da shi. Daga nan ake samun santsi, da warin danshi, da ƙofar katako da ƙasanta ke ruɓewa, da tabon lema a bangon ɗakin da ke maƙwabtaka da shi.

Wannan matsala ta fi fitowa fili a tsofaffin unguwanni irin Fagge da Sabon Gari. Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwar Kano, Sabon Gari kuma an yanka shi ne wajen 1913, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Filayen gidajen ba su da yalwa, kasuwanci kuma ya ƙara matse su, musamman a kewayen Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, inda shaguna da ɗakunan ajiyar kaya suka cinye gaban gidaje. Banɗakin da ake gyarawa a irin waɗannan gidaje galibi gutsuro shi aka yi daga kusurwar ɗaki, mita ɗaya da rabi a mita biyu ko ƙasa da haka. Da yawa kuma a saman bene suke, inda yoyon banɗakin wani yake zama ɓarnar silin ɗin wani.

Ma'auni daga yadda ake wanka

Yawancin shingayen da ake gani a shagunan kayan banɗaki na France Road da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano daga Sin ake shigo da su, musamman daga lardin Guangdong. An ƙera su ne da tunanin mutum ɗaya da zai shiga ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin shawa mai ƙarfi, ya yi wanka ya fita. A gidan Bahaushe kuwa, wurin wanka yana ɗaukar aikin da ya fi haka. Ranar da babu ruwa a tanki, da bokiti ake shiga. Wasu a tsugune suke wanka, tsofaffi kuma a kan 'yar kujera. Uwa tana sunkuyawa ta cuɗa yaro, mai jego tana shiga da babban baho na ruwan zafi da ganye, kuma a nan ake ɗauraye ƙananan kaya, a nan ake alwala da asuba. Shingen da bai ɗauki waɗannan ba, komai kyansa, ƙarshenta a ɓalle ƙofarsa a jingine a bayan gida.

Girman da aka fi samu a kasuwa shi ne santimita 80 a 80, da 90 a 90, da 80 a 120, tsayi kuma tsakanin 185 da 200. Na 80 a 80, musamman mai lanƙwasasshiyar fuska da ake sakawa a kusurwa, ya yi ƙanƙanta ga wankan bokiti. Bokitin kaɗai ya cinye wani kaso mai yawa na wurin tsayuwa. Kafin a biya kuɗi, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A zana girman shingen da alli a ƙasa, a ajiye bokiti da kujerar tsuguno a ciki, wanda ya fi kowa jiki a gidan ya shiga ya tsuguna, ya ɗaga hannu kamar zai cuɗa bayansa. Duk inda gwiwar hannunsa ta ƙetare layin alli, nan za ta riƙa bugun gilashi kullum. In wuri ya ba da hali, 90 a 120 ya fi dacewa da gidan iyali. In bai bayar ba, gara a haƙura da ƙofa gaba ɗaya a nemi wata dabara.

Daɓe da magudana

Aikin da ya fi muhimmanci a wurin wanka yana ƙarƙashin tayil, inda ido ba ya gani, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Daɓen yana buƙatar gangara zuwa bakin magudana, kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In ta gaza haka, ruwa ya kwanta. In ta zarce, kujera ba ta zama daidai, ƙafa kuma tana zamewa. Manyan tayil na santimita 60 a 60 da ake yayi suna da wuyar ba da gangara a ɗan ƙaramin wuri, sai dai in an yi amfani da doguwar magudana a jikin bango, wadda daɓen ke gangarawa gare ta ta fuska ɗaya. In kuwa magudanar tsakiya ce, ƙananan tayil sun fi, kuma yawan layukan da ke tsakaninsu yana taimaka wa ƙafa ta kama ƙasa. Tayil mai sheƙi na falo ba shi da wuri a nan ko kaɗan. A shago, a jiƙa tafin hannu a shafa fuskar tayil ɗin. Wanda hannu ya sulale a kansa, ƙafa mai sabulu ma za ta sulale.

Tayil da simintin da ke tsakaninsa ba sa hana ruwa ratsawa. Abin da ke hanawa shi ne maganin da ake shafawa a kan daɓen siminti kafin a ɗora tayil, shafi biyu, a hau da shi bango har kimanin mita 1.8 a wurin shawa, a kuma kula da kusurwoyi da inda bututu ya huda daɓe. Bayan ya bushe, a toshe magudana, a tara ruwa ya kai 'yan santimita, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, sannan a sauka ƙasa a duba silin. Mai sa tayil da ke sauri ba zai so wannan jira ba, amma ga banɗakin saman bene bai kamata mai gida ya sassauta ba, domin yoyon da aka gano bayan an gama aiki ba ya gyaruwa sai an fasa komai.

Bututun fitar ruwa kada ya gaza inci biyu. Shawa tana zubo ruwa a hankali, amma mai wankan bokiti yana iya juye lita 10 a lokaci guda, kuma siririn bututu ba ya kwashe wannan kafin ya malala waje. Magudanar ta kasance mai tarkon ruwa, wato lanƙwasar da ruwa ke tsayawa a ciki ya tare wari da kyankyasai daga sokawe, ta kuma kasance mai murfin da ake cirewa da hannu a kwashe gashi da zaren soso. A lokacin hunturu, banɗakin baƙi da ba a shiga yakan fara wari saboda ruwan tarkon ya ƙafe. Kofi ɗaya na ruwa a mako ya isa magani.

Akwai zaɓi biyu game da abin da za a taka. Ko dai a bar daɓen tayil a yi masa ɗan dakali na santimita 5 zuwa 8 wanda gilashin zai hau, ko a sayi farantin roba da ke zuwa tare da kubikul. Farantin yana da saurin sakawa, amma mai arha yana lotsawa in an taka, gindin bokitin ƙarfe yana karce shi, tafasasshen ruwa yana gajiyar da shi, ƙarƙashinsa kuma rami ne da ba a iya sharewa. Tsayinsa ma cikas ne ga tsoho ko mai juna biyu. A yanayin Kano daɓen tayil ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. Inda ake sabon daɓe gaba ɗaya, an fi samun sauƙi in aka sauke wurin wankan ƙasa da sauran banɗakin da santimita 2 ko 3, ta yadda ba a buƙatar dakalin da za a yi tuntuɓe da shi.

Nau'o'in shinge

Labule shi ne mafi arha, kuma bai kamata a raina shi ba. Ga ɗan haya, ko banɗakin da ya matse ƙwarai, sanda mai kyau da labulen roba mai nauyi sun wadatar, muddin daɓen yana da gangara. Aibinsa shi ne yana manne wa jiki, yana kuma yin fumfuna in ba a baza shi ya bushe ba.

Guntuwar katanga ta bulo mai inci huɗu ko shida, wadda aka lulluɓe da tayil, ba ta fashewa, ba ta tsatsa, kuma kowane birkila ya iya ta. Tana cin wuri fiye da gilashi, tana kuma rage haske, shi ya sa wasu ke tsayar da ita a mita ɗaya ko ɗaya da 'yan kai, su ƙarasa sama da gilashi. Wannan haɗi yana da fa'idar da ba a cika lura da ita ba: ƙasan, inda bokiti da kujera ke bugawa, bulo ne, kuma mai tsuguno yana samun sutura.

Gilashi guda ɗaya da aka kafe, ba ƙofa, a bar mashiga a gefe, shi ne mafi ƙarancin matsala a cikin na gilashi, tunda babu abin da ke motsi balle ya lalace. Yana buƙatar tsawon wuri, aƙalla mita 1.4 zuwa 1.5, domin a bar mashiga mai faɗin santimita 55 zuwa 60 kuma fantsalin ruwa bai kai waje ba.

Ƙofar turawa gefe ta dace da matsattsen wuri domin ba ta buƙatar filin buɗewa. Rauninta yana ga tayoyinta da kwalbatin da take bi. Ƙurar hunturu da dattin sabulu suna taruwa a kwalbatin ƙasa, tayoyin roba kuma suna cinyewa, har ƙofar ta fara ciza ko ta goce. Wadda ke rataye daga sama ta fi jurewa. Mai saye ya tambayi mai shago ko yana da tayoyin canji iri ɗaya, ya sayi ƙari tun a ranar, domin samfurin da ke kasuwa bana ba lallai a same shi baɗi ba.

Ƙofa mai hinji ta fi faɗin mashiga da sauƙin wankewa. Sharaɗinta shi ne ta buɗe waje. In ciki kaɗai take buɗewa, mutum ya faɗi ko jiri ya kwashe shi, jikinsa ne zai tokare ƙofar, masu kawo ɗauki su rasa hanyar shiga. A auna a tabbata in ta buɗe ba ta bugun masai ko wurin wanke hannu.

Gilashin kansa

Nan ne ake yin kuskuren da ke kai mutum asibiti. Gilashin taga na milimita 4 ko 5, wanda masu aikin alminiyon ke yankawa a bakin titi, in ya fashe yana tsagewa ne dogo-dogo da kaifi, ga mutum kuma ba sutura a jikinsa, ƙafarsa a kan sabulu. Wanda ya dace da wurin wanka shi ne gasasshen gilashi. Ana zafafa shi a masana'anta har sama da digiri 600, sannan a huce fuskarsa da iska cikin gaggawa. Wannan yana sa ya fi na taga ƙarfi kimanin sau huɗu zuwa biyar, in ya fashe kuma sai ya ruguje ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar masara, waɗanda ba sa yanka mai zurfi. Yana kuma jure bambancin zafi sosai, abin da ke da amfani in ruwan jego ya fantsama masa da sanyin asubar Janairu.

Gasasshen gilashi ba ya yankuwa kuma ba ya huduwa bayan an gasa shi. In aka gwada, rugujewa yake yi gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce gilashinsa gasasshe ne, sannan ya ce zai rage masa tsawo a shago ya dace da wurin, to ba gasasshe ba ne. Na gaskiya yakan zo da ɗan tambari da aka ƙone a kusurwa, wanda farce ba ya kankarewa, sau da yawa da lambar ƙa'idar Turai EN 12150, gefunansa kuma a goge suke sumul. Takardar da aka manna da gam ba shaida ba ce. In aka dube shi cikin rana da tabarau mai tace ƙyalli, akan ga wasu dabbare-dabbare a jikinsa, alamar gashin da aka yi masa.

Kauri yana tafiya da irin ginin. Mai firam ta kowane gefe yana iya zama milimita 6. Wanda ba shi da firam, ko mai firam kaɗan, yana buƙatar 8 ko 10. Kowace milimita ta kauri tana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita, don haka ƙofa mai milimita 8, faɗi santimita 70, tsayi 190, ta kusa kilo 27, fiye da rabin buhun siminti, kuma hinji biyu ne ke riƙe da ita. Bulon da ake gini da shi a Kano mai rami ne a ciki, wani kuma yashi ya fi siminti yawa a jikinsa. Sukurun da aka ɗaura a irin wannan bulo yana sassautawa a hankali, ƙofar ta sunkuya, kusurwarta ta fara taɓa tayil. Gefe da kusurwa kuwa su ne raunin gasasshen gilashi. Ɗan bugu a nan yana iya rugurguza shi alhali fuskarsa tana jure duka. Maganin shi ne a cika ramukan bulon da kankare a layin da hinji zai zauna tun kafin a yi filasta, ko a zaɓi shinge mai firam da ke raba nauyin. Gilashin da aka kafe shi kaɗai yana buƙatar sandar ƙarfe daga samansa zuwa bango.

Game da gani ta ciki, garai-garai yana sa ƙaramin banɗaki ya yi kamar ya fi girmansa, amma yana nuna kowane ɗigon ruwa da ya bushe, kuma a gidan da yara ke faɗowa banɗaki ba sallama, bai dace da kunyar mutane ba. Mai hazo, ko wanda aka yi wa hazo daga gwiwa zuwa kafaɗa, ya fi kwanciyar hankali.

Firam da ƙarafa

Alminiyon ba ya tsatsa, amma siriri yana lanƙwasa. A matsa shi da yatsa a shago a ji. Hinji da mariƙi da sukurori su kasance na tagulla mai rufi ko ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304. Akwai mai lamba 201 da ya fi arha, kamanninsu ɗaya a ido, amma a cikin danshi yana fitar da jan tabo. Maganaɗisu yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa fenti mai sheƙi, sai dai ba ya bambance 304 da 201, don haka a nan amanar mai shago da nauyin kayan a hannu ne abin dogaro. Sukurori su ne aka fi yi wa ha'inci, domin ƙanana ne ba a dubawa, kuma su ne ke fara zubo da tsatsa a kan farin tayil.

Ƙarfin ruwa da wuta

Gidaje da yawa a Fagge da Sabon Gari ba su dogara da ruwan famfo na gwamnati kaɗai ba. Rijiyar burtsatse ce da tankin sama, ko kuma 'yan garuwa. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa: kowace mita 10 tana ba da ma'aunin matsi ɗaya, wanda ake kira bar. Tankin da ke mita 3 sama da kan shawa yana ba da kashi uku cikin goma na wannan kacal. Cikakken kubikul mai feshin ruwa ta gefe da faffaɗan kai a sama yana neman bar 2 ko fiye, wanda ba ya samuwa sai da injin ƙara matsi, injin kuma sai da wuta. Kubikul mai tururi yana jan wutar da ta kai kilowat 3, abin da ƙaramar sola ko ƙaramin janareta ba sa ɗauka. A gidan da ba shi da waɗannan, kuɗin da aka zuba a irin wannan akwati asara ce.

Yawan ruwan ma abin lissafi ne. Shawa ta yau da kullum tana zubar da lita 8 zuwa 12 a minti, wato wankan minti biyar ya kai jarka biyu ta mai garuwa, alhali bokiti ɗaya yana isar mutum. Abin da ya fi amfani a cikin shingen shi ne shawar hannu mai tiyo, da famfo na ƙasa a tsayin santimita 50 zuwa 60, wanda bokiti ke shiga ƙarƙashinsa kuma ake wanke ƙafa da shi wajen alwala. Wannan famfo a cikin shingen ya kamata ya kasance. In yana waje, kullum za a riƙa jan bokiti ana ƙetare dakali da shi, daɓen da ake so ya bushe ya koma jiƙe.

Makunnin hita da duk wani soket su kasance a wajen banɗaki, hitar ta samu wayar ƙasa ta gaskiya, a kuma sa mata na'urar yanke wuta mai aiki a miliamfiya 30. Shingen kada ya kai silin. Tazarar da ke sama ita ke barin tururi ya fita ta taga.

Tsarin aiki da kulawa

Mai gyaran famfo ne ke fara aiki, sai maganin hana yoyo da gwajinsa, sai tayil, gilashi kuma a ƙarshe. In za a sayi haɗaɗɗen shinge, a saye shi tun farko, a gina dakali daidai da shi. In kuwa za a ba da oda a gasa gilashi daidai wurin, ba a aunawa sai an gama tayil, kuma a auna faɗin a ƙasa da tsakiya da sama, domin bangon tsohon gida da wuya ya miƙe. Bambancin santimita ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Firam yana da ɗan wurin da ke shanye wannan karkata, gilashi tsura kuwa ba shi da shi. Kafin kaya su bar shago a buɗe kwali a duba gefunan gilashin, tunda sun sha doguwar tafiya a mota daga tashar jirgin ruwa, a kuma yi magana a fili kan wanda zai ɗauki asara in ya fashe wajen sakawa. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida kafin a huda tayil.

Silikon ɗin da za a sa ya zama na banɗaki mai maganin fumfuna, a bar shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi. A shinge mai firam, ta waje ake toshe ƙasan firam ɗin, a bar cikin, domin ruwan da ya shiga ƙarfen ya samu hanyar komawa magudana. In aka toshe ta ciki, sai ya taru ya ɓullo waje.

Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin tabo a gilashi in ya bushe a kansa. Goge shi da robar share ruwa bayan wanka yana hana tabon kamawa, wanda ya riga ya kama kuma ruwan lemon tsami ko khal yana narkar da shi, sai dai kada su taɓa marmara. Soson ƙarfe yana karce gilashi, asid ɗin da ake wanke tayil da shi kuma yana cin simintin layi da rufin hinji. Kwalbatin ƙofar turawa yana son tsohon buroshi sau ɗaya a mako, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Robar da ke bakin ƙofa tana taurare ta tsage bayan wasu shekaru, ana sayar da ita daban gwargwadon kaurin gilashi, silikon kuma in ya yi baƙi ko ya fara ɗagowa, a kankare shi tas, a bar wurin ya bushe, sannan a sa sabo.